'Yar Fari a Layin Malamar Kunne

Ni ce mai riƙe da littafin. Littafin rubutu ne mai jan bango, irin na 'yan makaranta. Wata safiya Hedimasta ya miƙo mini shi, ya ce daga yau ni ce malamar ba da shawara ta firamarenmu, ƙari a kan ajin da nake koyarwa. Ban karanci wannan aiki ba ko na yini guda. Hausa da lissafi na iya koyarwa, sai kuma faɗa, wanda shi kam daga gida na taho da abina. Da na ce masa ban san yadda ake yi ba, sai ya ce abin ba wuya: duk yaron da na ga yana da matsala in rubuta sunansa, in Malamar kunne ta zo in ba ta.

Malamar kunne shi ne sunan da mutanen garinmu suka sa mata, ko da yake ba kunne kaɗai take dubawa ba. Mai in'ina, da wanda ya kai shekarun shiga makaranta bai fara magana ba, da wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, da wanda yake ƙura wa allo ido shekara guda bai riƙe baƙi ko ɗaya ba, duk nata ne. Doguwar mace ce mai ƙamshin humra, iyayenta mutanen Barno ne amma a Kano aka haife ta, gidanta can wajen Rijiyar Zaki. Kafin ta iso mu sai ta ratsa birni gaba ɗaya, ta hau motar Gezawa, sannan ɗan acaɓa ya kutso da ita ta cikin gonaki. Ta gaya mini da su uku ne suke zagaya makarantun yankinmu. Ɗaya ya yi ritaya, ɗaya ta sami aiki a wata makarantar kuɗi a birni, ba a kawo kowa a gurbinsu ba. Saboda haka sau ɗaya muke ganinta a zangon karatu, shi ma in mun yi sa'a.

Zuwanta na farko yara shida na rubuta, su ma da ƙyar na shawo kan iyayensu. A cikinsu akwai wani yaro da aka yi shekara biyu ana yi masa turare, ana cewa iska ce ta riƙe masa harshe. Ta duba shi, ta koya wa uwarsa wasu wasanni na baki da na numfashi, ta ce a riƙa yi kullum. Kafin a yi girbi yaro yana rama zagi tar da bakinsa. Shi ke nan labari ya bi gonaki. Garuruwanmu a manne suke da juna, gonar wannan na ƙarewa dangar wancan na farawa, magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Na zama ba na zuwa gidan suna ko gaisuwar mutuwa sai an ja ni gefe. "Malama, don Allah a sa mini sunan ɗan nan." Wasu yaran ma ba 'yan makarantarmu ba ne, wasu ko yaye ba a yi musu ba. Nakan yi faɗa, in ce ni ba likita ba ce, sannan in rubuta.

Duk wannan rubuce-rubucen da nake yi, akwai yarinya ɗaya a aji huɗu da na fi kowa sanin kunnenta yana ciwo, ban kuwa rubuta ta ba. 'Yata ce ta fari.

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, in an yabe shi ta kau da kai, in an dake shi ta yi kamar ba ta gani ba. Tun da aka yaye yarinyar surukata ta ɗauke ta, ta koma ɗakinta da kwana. Gidanmu ɗaya, sashe ne daban. Surukar tawa take ce wa Inna, ni kuwa Yaya take ce mini a gida, a makaranta Malama. Ni kuma "ke" nake ce mata, in kuwa zan ambace ta ga wani sai in ce 'yar Inna. Ko rabon azuzuwa za a yi nakan roƙi kada a ba ni ajinta. Ranar da malaminsu bai zo ba aka tura ni kiran suna, da na iso kan nata sai na ɗaga kai na gan ta, na sa mata alama na wuce. Yara suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa, don sun san dalili.

Ba zan ɗora wa al'ada laifin duka ba, don ni ma ina jin daɗin yabon. Mata sukan ce, "Kun ga Malama, duk da bokonta akwai kunya, ko kallon 'yar nan ba ta yi." In na ji haka kaina ya kan fasu. A gari irin namu, macen da take fita aiki kullum ido a kanta yake, ana jiran a ga inda boko ya ɓata ta. Ni kuwa na ƙudura ba za a samu ba.

Amma ina gani. Tun tana aji uku na lura in ana mata magana sai ta karkato da kunnen dama. In na zo wanki nakan ga tabon mugunya a gefen hagu na hijabinta, ya bushe ya yi rawaya. Inna takan ɗiga mata man shanu mai ɗumi, ta toshe da auduga, ya lafa kwana biyu ya dawo. Malamin ajinsu, wanda ba shi da haƙuri ko na sisi, ya sha zane ta a kan wai yana kira tana share shi. Ina ajina ina jiyo kukanta ta taga, sai in ƙara ɗaga murya ina biya wa yara karatu. Sau uku Malamar kunne tana zuwa a cikin wannan hali. Sau ukun nan ni nake kawo mata abinci daga gida, mu ci tare, in miƙa mata littafi cike da 'ya'yan mutane.

Na taɓa gwada maganar da mahaifinta. Ya ce 'yar Inna ce, in yi da Inna. Shi ma ai 'yar farinsa ce, kunyar da ta ɗaure ni ta ɗaure shi. Ga shi kuma da an gama girbi yake tafiya noman rani Watari, sai an kwashe albasa muke ganinsa. Inna kuwa ranar da na kewaya na kewaya na ce ko a nuna kunnen nan, kallon da ta yi mini ya ishe ni amsa. Ta ce 'yarta lafiyarta ƙalau, miskilanci ne irin na kakanta. Daga baya na ji dalilinta a bakin wata tsohuwa. Inna ta yi ƙane kurma, suna yara, kuma ta tashi tana ganin yaran gari suna sa ganye a baki suna binsa, shi kuma yana jifansu yana ihu har ya faɗi. Kalmar nan kurma ba ta son ko jin ta a gidanta.

Ana cikin zafin bazara, an fara kai taki gona a kan jakuna, Hedimasta ya kira ni ofis. Ya ce Malamar kunne za ta zo ranar Laraba, kuma zuwan ƙarshe ne. An mai da ita birni, inda aka ce yara sun fi yawa. Na ce wa za a turo mana? Ya ce an ce za a duba. Na san wannan "za a duba" ɗin, da ita aka amsa mana maganar rufin aji biyu, wanda har yau a ƙarƙashin darbejiya suke karatu.

Na fito daga ofis. Na zauna a aji na buɗe littafin, sunaye sun haura talatin, ita kuwa a yini in ta yi ƙoƙari ta ga goma sha biyu. Na ɗauki biro na je can ƙasan shafi, layi na ƙarshe. Hannuna ya ƙi rubuta sunan. Abin da na rubuta shi ne: yarinya, aji huɗu, kunnen hagu. Na san sarai ba za a kai layin nan ba. Na dai rubuta ne don in ce wa kaina na yi wani abu.

Ranar Larabar da safe, ina ɗaura ɗankwali, Inna ta leƙo sashenmu.

"Na ji an ce mai leƙen kunnen nan za ta zo yau."

Na ce, "E, Inna."

"To. Kada in ji an sa mini 'ya a layin kurame."

Na ce to. Me zan ce?

Tun kafin a kaɗa ƙararrawa harabar makaranta ta cika. Mata da goyo, tsofaffi da jikoki, wani dattijo ya ɗauko ɗansa a keke daga wani ƙauye da ban ma taɓa zuwa ba. Suka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, 'yan aji biyu suka rasa wurin karatu aka sallame su. Malamar kunne ba ta iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi, don motarsu ta lalace a hanya. Ta sauko daga acaɓa ƙafafunta sun yi futu-futu, ta dubi taron, ta dube ni. Ta ce, "Malama, ni kaɗai ce fa." Muryarta a dishe take, don jiya da shekaranjiya ma a wasu makarantun ta yini. Ta ce da la'asar za ta tashi ko an gama ko ba a gama ba, in ta wuce haka ba za ta sami motar birni ba.

Muka gyara mata ajina. Kayan aikinta duk a jaka ɗaya suke: 'yar fitilar leƙa kunne, da katunan hotuna, da wata na'ura mai abin sawa a kunne, wadda take yin ƙara yaro ya ɗaga hannu in ya ji. Tana da doka guda wadda ba ta sassautawa. Ba ta duba yaro sai uwarsa na wurin, don ita ce za ta faɗi yadda aka yi goyon ciki, da ko ya yi ƙyanda, da ko ya taɓa suma da zazzaɓi. Ni aikina in tsaya a bakin ƙofa da littafi in kira suna.

Na fara kira. Kowane yaro yakan ci kusan rabin sa'a, ni kuwa idona na kan inuwar ginin ofis, ina ganin yadda take janyewa. Mata suka fara matsowa bakin ƙofa, kowacce tana tuna mini zumuncin da ke tsakaninmu. Na yi musu tsawa na ce duk wadda ta ƙetare dakalin nan zan soke sunan ɗanta. Ana kan na biyar Hedimasta ya zo da jikan mai unguwa a hannu, uwarsa na biye, ba ya cikin littafi, ya ce a taimaka a duba shi yanzu. Na ce masa layi ne. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, daga sama ne." Na bar shi ya shiga ina huci. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai unguwa bai ji kunyar tura jikansa gaba ba, ni kuwa ga littafi a hannuna.

Wajen azahar na hango Inna. Ta shigo da mayafinta da carbi, ta sami wuri a tabarmar tsofaffi daidai inda take hangen ƙofar ajina, ta zauna. Ba ta kawo kowa ba, gadi ta zo yi. Muka haɗa ido na sunkuyar da kai.

Da muka shiga cin abinci bayan salla, daga ni sai Malamar kunne a aji. Wannan ce damata, na kuma sani. Na zuba mata dambu, na zuba ruwa, na buɗe baki sau biyu. Abin da ya fito shi ne, "Hajiya, ya hanya?" Ta ce hanya sai godiya. Ta ci loma kaɗan ta ture kwanon, ta ce a kira na gaba. Na fita ina zagin kaina a zuci, irin zagin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Ana kan yaro na goma na'urar ta ɗauke. Batirinta ya ƙare, makarantarmu kuwa ba wuta. Ta jijjiga ta, ta ciro batirin ta mayar, shiru. Ta ce sauran sai dai ta duba da fitila da baki. Aka tashi 'yan makaranta, amma ba su tafi ba, suka yi cirko-cirko suna kallo. Na hango tawa a cikinsu, ta rungume jakarta, ta karkato kai tana ƙoƙarin jin abin da ƙawarta take faɗa.

Ladan ya kira la'asar ana kan na goma sha uku. Malamar kunne ta fara mai da kaya cikin jaka. Matan da ba a kai kansu ba suka taso gaba ɗaya, wata tana kuka, wata tana cewa tun asuba ta baro gida. Ta fito bakin ƙofa ta ba su haƙuri da 'yar muryar da ta rage mata. Ta karɓi littafin daga hannuna, ta ce za ta kwafi sunayen da suka rage ta miƙa a ofis, ko Allah zai sa a turo wani. Tana bi da yatsa har ta kai ƙasa, sai ta tsaya.

"Wannan fa? Yarinya, aji huɗu. Ba ta da suna?"

Na mai da idona kan littafin.

"Kunnen hagu me yake yi?"

Na ce, "Mugunya."

"Tun yaushe?"

"Ya fi shekara."

Ta ɗago kai da sauri. "Ya fi shekara yana zuba, kika sa ta a ƙarshe? Ina yarinyar? Ina uwarta?"

Duk matan nan sun san amsar, ba wadda ta yi magana. Ɗan acaɓan da zai mai da ita ya riga ya iso, yana ta danna hon a bakin hanya. Ina jin idon Inna a gefen fuskata. Wallahi na ji bakina yana shirya cewa uwarta ba ta zo ba, don ita ce maganar da ta fi sauƙi, kuma da na faɗe ta ba wanda zai ƙaryata ni, yabo ma zan sha. Malamar kunne ta rataya jakarta a kafaɗa. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, don na ga in matar nan ta taka dakalin nan ta sauka, shi ke nan.

Na ce, "Ga ni."

Ta ce, "Na'am?"

"Ni ce uwarta. Ni na haife ta."

Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu." Wata ta rufe baki da mayafi. Inna ta miƙe tsaye, ta ce, "Ke! Me na gaya miki da safe?" Ban taɓa mai da mata magana ba tun da aka kawo ni gidan, ran nan ma ban ɗaga murya ba. Na durƙusa a kan dakali na ce, "Inna, ki yafe mini. In ba a duba ba ɗaya kunnen ma zai tafi." Ban san inda na samo wannan magana ba, tsoro ne ya faɗe ta. Inna ta tsaya a inda take. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Malamar kunne ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta san al'adar, ba sai an yi mata bayani ba. Ta ce, "'Yar fari ce?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "Sau uku ina cin abincinki, Malama." Ta sauke jakar, ta aika a ce wa ɗan acaɓa ya jira ko ya tafi, duk wanda ya ga dama.

Aka kamo hannun yarinyar aka shigo da ita, tana rarraba ido don ba ta san laifin da ta yi ba. Mata suka cika tagogi, Inna ta tsaya a bakin ƙofa. Malamar kunne ta zare audugar, ta leƙa kunnen hagu da fitila, ta daɗe. Ta leƙa na dama. Sannan ta shiga yi mini tambayoyi, na kuwa amsa duka: watannin cikinta, da ƙyandar da ta yi tana shekara uku, da daminar da ciwon ya fara. Ni kaina na yi mamakin yadda na riƙe su, ni da ake cewa ko kallonta ba na yi.

Ta zaunar da ita a benci, fuskarta na kallon allo, ta toshe mata kunnen hagu da yatsa. Ta ce da ni, "Na'ura ta mutu, muryata ta tafi. Je ki ƙarshen aji ki tsaya a bayanta. Ki kira sunanta a hankali, yadda kike kiranta a gida."

Wani ya yi dariya a taga, aka kwaɓe shi.

Na ce, "Hajiya, ko Inna ta kira?"

"Ke na ce. Ba ni da lokaci, Malama."

Na tafi ƙarshen aji. Sunan nan ni na ji an raɗa shi ranar suna, ina ɗaki, na kuma yi shekara tara ina jin sa a bakin kowa. Ban taɓa ɗora shi a harshena ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na buɗe baki na kira shi a hankali. Yarinyar ba ta motsa ba.

"Matso taku biyu. Sake."

Na matso, na sake. Shiru. Ina ganin ƙeyarta da bakin hijabinta, tana kallon allo abinta.

"Matso. Ɗaga murya kaɗan."

Na uku ma ba ta juyo ba. A nan hawaye ya zubo mini, a gaban surukata da matan gari da 'yan ajina, ban kuma share ba. Na matso har ina iya taɓa kafaɗarta in na miƙa hannu, na kira sunan da ƙarfi. Sai ta waiwayo. Ta dube ni, sannan ta leƙa bayana, ta dubi ƙofa, tana neman wanda ya kira ta.

Aka toshe na dama aka gwada na hagu. Wannan kam har na zo daf da ita ba ta ji ba.

Malamar kunne ta zauna ta rubuta takarda, hannunta na sauri. Ta ce na hagu ya huje, ba ta jin zai dawo, amma likita ne zai tabbatar. Na dama ya fara taɓuwa, sai dai in an yi maza za a iya tsare shi. Ta ce gobe, ba jibi ba, a kai ta babban asibiti a birni, sashen kunne, a daina ɗiga komai, a kuma mai da ita bencin gaba. Ta miƙo takardar, na miƙa hannu, sai Inna ta riga ni. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta ninke ta ta ƙulle a bakin zaninta. Ta ce, "Ni zan kai ta. Ke sai ki biyo mu ki yi musu Turancin." Ba ta dube ni ba, ta juya ta fita.

Ɗan acaɓan bai tafi ba. Malamar kunne ta hau, matan da ba a duba 'ya'yansu ba suka bi ta da ido har ta shige cikin gonaki. Wata daga cikinsu, wadda ɗanta yake na goma sha huɗu a littafi, ta zo ta tsaya a gabana. Ta ce, "Malama, ashe ke ma kin iya son kai." Gaskiya ta faɗa, lokacin ɗanta na ci. Har yau ba a turo kowa ba, ɗan nata yana nan bai fara magana ba, kuma in mun haɗu a hanya ni nake fara kau da kai.

Na kulle aji muka kama hanyar gida, rana ta yi sanyi. Inna tana can gaba da nisa, ba ta waiwaye. Ni da yarinyar muna tafe a kan 'yar siririyar hanyar da ta ratsa gonaki, tsakanin tarin taki. Kullum in mun taso takan bi ƙawayenta ne, ni in taho ni kaɗai. Ran nan ta jera da ni har muka wuce rijiya. Sannan ta kewayo ta bayana ta koma hannuna na hagu, yadda kunnenta na dama zai fuskance ni.

Ta ce, "Yaya, ɗazu ke ce kika kira ni?"

Na ce, "Ni ce."

Ta yi 'yan taku tana kallon ƙasa. Ta ce, "Sau nawa?"

Na ce, "Da yawa."

"Ɗaya kawai na ji." Ta janye hijabinta daga kan kunnen, ta karkato kai. "Sake faɗa ta nan."

Na duba gaba, na ga Inna ta tsaya a bakin danga tana jiranmu. Na sunkuya na faɗa.